Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Jawabi a Kan Iska da Ruwan Ƙazanta a Sabha

 

Maganar da na zo muku da ita yau a kan iska ce. Ba iskar da boka ke kora ba, iskar nan dai da ni da ku muke shaƙa. Na san wani zai ce a ransa: me ya haɗa iska da gudawar yara, da zazzaɓin taifot, da tsutsar ciki? Ku ba ni aron kunnuwanku, domin tsakanin masan gidanku da tulun ruwanku akwai wani aiki da iska ke yi, kuma ranar da aikin ya tsaya, asibiti ne ke fara sani. Da yawa daga cikinmu nan muna aiki a gonakin bayan gari, wasu na gini, wasu kuma su ake kira idan bututun ƙazanta ya toshe. Duk wanda ke cikin waɗannan, maganar tasa ce kafin ta zama ta injiniya.

Mu fara da garin da muke ciki. Sabha ba ta da kogi. Ruwan sama kan yi shekara bai jiƙa ƙasa ba. Duk abin da ake sha, da wanda ake wanka, da wanda ake ba dabino, daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, kuma akasarinsa tsohon ruwa ne da ya taru dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna. Mutanen farko da suka kafa daula a wannan yanki, waɗanda ake kira Garamantawa, masu birni a Jarma yamma da nan, sun haƙa ɗaruruwan magudanai a ƙarƙashin ƙasa don su kai ga wannan ruwa. A zamaninmu kuma, daga rijiyoyin Jabal Hasawuna na Fazzan aka ja ruwa cikin manyan bututu har ya isa Tarabulus a 1996. Rumbu ne da ake ɗiba kullum, ba a zubawa.

To, ina ruwan da muka ɓata yake tafiya? A Kano, Jakara na kwashe nata rabon ta fita da shi bayan gari. A Yamai, Gunti Yena na kai shi kogin Isa. Wannan ma ba abin yabo ba ne, tura wa na ƙasa da kai matsala ne, amma dai ruwan yana tafiya. A Sabha babu inda za shi. Wani ya bi bututu zuwa matata, wani ya faɗa ramin da mutanen nan ke kira baƙar rijiya ya tsuma cikin yashi, wani kuma ya taru a fili. Wanda ya daɗe a garin nan ya san tafkin da ke wajen Hajara, ya kuma san ba ruwan sama ne ya cika shi ba. Da aka yi ruwa mai yawa a watan Satumba na 2024, tituna suka cika, kowa ya ga yadda abin da ke ƙasa kan taso sama. A gari irin wannan, abin da ka zubar yana nan kusa da kai, yana gangarawa a hankali zuwa ga abin da za ka sha.

Yanzu bari in faɗa muku yadda ake wanke ruwa, domin mutane da yawa suna zaton magani ake zubawa. Babban aikin ba na magani ba ne. Wasu ƙananan halittu ne, bakteriya da 'yan uwansu, waɗanda ido ba ya gani, suke cinye ƙazantar su mai da ita iska da ruwa da laka. A 1914, a matatar Davyhulme ta birnin Manchesta a Ingila, wasu masana biyu, Edward Ardern da William Lockett, suka bayyana abin da suka gano. An riga an san cewa idan aka yi ta hura iska cikin ruwan ƙazanta yakan washe, amma sai an shafe makonni. Su sai suka daina zubar da lakar da ke kwantawa a gindin kwalba, suka riƙa mayar da ita cikin sabon ruwa. Da lakar ta yi yawa, aikin makonni ya koma na kwana guda. Duk macen da ta taɓa barin ɗan tsohon nono a ƙwarya don ya kama sabuwar madara ta riga su sanin wannan dabara. Wannan laka ita ake kira laka mai rai, kuma har gobe da ita akasarin manyan biranen duniya ke tace ruwansu.

Abu mai rai kuwa numfashi yake yi. A nan iska ta shigo. Kashi 21 cikin ɗari na iskar da ke kewaye da mu oksijin ne, shi ne abin da ke raya wuta da jini. Maƙeri ya san garwashi ba ya ja sai an yi masa zuga. Marinin Ƙofar Mata ya san zane kan fito daga karofi da launin tsanwa-tsanwa, sai ya sha iska yake komawa shuɗi. Haka laka mai rai take: a ba ta oksijin ta ci ƙazanta ba wari; a hana ta, sai wasu halittun da ba sa buƙatar iska su karɓe wurin, su kuwa abincinsu ɗoyi yake bari, da baƙin ruwa, da iska mai guba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan kuka ji matata na wari, to wani abu ya hana ta numfashi.

Wahalar ita ce, ruwa marowaci ne wajen karɓar oksijin. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a sanyin digiri 20, iyakar abin da za ta riƙe miligiram 9 ne da ɗan wani abu. Idan ruwan ya kai digiri 30, sai ya sauko wajen 7 da rabi. Ku auna da wannan: injiniyoyi kan ƙiyasta cewa ƙazantar da mutum ɗaya ke fitarwa a rana tana buƙatar oksijin wajen giram 60. Garin mutum dubu ɗari ke nan yana buƙatar kilo dubu shida kowace rana, ban da abin da fitsari ke ci, shi kuwa ci ne babba, domin kowane giram na sinadarin naitirojin da ke cikinsa yana lashe giram huɗu da rabi na oksijin. Duk wannan sai an cusa shi cikin ruwa da ƙarfin inji, ɗigo-ɗigo. Shi ya sa a matata irin ta laka mai rai, rabin wutar lantarkin da ake sha, wani lokaci fiye, a hura iska kawai yake tafiya.

Hanya uku aka fi bi. Ta farko, a kafa farfela a saman tanki tana dukan ruwa tana watsa shi sama, kamar yadda mai shayi ke ɗaga buta ya tsiyayo daga nesa. Ta biyu, a shimfiɗa bututu mai manyan huji a gindin tanki, injin hura iska, wanda shi ne zugazugin matata, ya turo iska ta fito gunduma-gunduma. Ta uku ita ce zan daɗe a kanta. A gindin tanki mai zurfin mita huɗu zuwa shida ake jera wasu abubuwa masu kama da faifai, girmansu kamar murfin tukunya, ɗaruruwa, wani wurin dubbai. Kowane faifai an lulluɓe shi da roba mai ƙananan tsaga da yawa. Idan iska ta zo, robar ta kumbura, tsagar ta buɗe, iska ta fito ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar dawa, milimita ɗaya zuwa uku. Idan iska ta tsaya, tsagar ta rufe don kada ruwa ya koma ciki. Mu kira shi faifan kumfa.

Me ya sa ake wahalar ƙanƙanta kumfa? Ku tuna da suga. Dunƙule guda a kofin shayi yana daɗewa bai narke ba, amma idan an daka shi, kafin ka juya cokali ya ɓace, domin ruwa ya sami fuskoki da yawa da zai kama shi. Oksijin ma ta fatar kumfa yake ratsawa ya shiga ruwa. Ɗauki kumfa guda mai faɗin milimita 6, ka farfasa ta zuwa masu milimita 2: za ka sami guda 27, iskar ba ta ƙaru ba, amma fatar ta ninka sau uku. Ga kuma riba ta biyu. Babbar kumfa gaggawa take yi, ta taso ta fashe a sama, ta koma sararin da ta fito da kusan duk oksijinta. Ƙaramar kuwa tafiyar hawainiya take yi, tana rabon abin da ta ɗauko a hanya. A ruwa mai tsabta, ƙaramar kumfa kan bar wajen kashi 6 cikin ɗari na oksijinta a kowace mita da ta hau, wato wajen kashi 30 a tanki mai mita biyar. Babbar ba ta cika barin rabin haka ba. Idan aka mai da shi lissafin wuta, kilowat ɗaya na awa guda kan shigar da oksijin wajen kilo huɗu da faifan kumfa, alhali da manyan huji kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, farfela kuma tana tsakani, kusa da na ƙasan.

Waɗannan su ne alƙaluman da mai sayar da kaya zai buɗe muku a takarda, kuma ba ƙarya ya yi ba. Abin da ba ya saurin faɗa shi ne, a ruwa mai tsabta aka auna su. Ruwan gari cike yake da sabulu da omo da maiƙo. Waɗannan sukan lulluɓe fatar ƙaramar kumfa kamar an sa mata riga, oksijin ya kasa fita yadda ya kamata. A ruwan ƙazanta na gaske, faifan kumfa kan rasa kusan rabin ƙarfinsa, yayin da babbar kumfa, saboda tana tafe tana hargitsa ruwa, asararta kaɗan ce. Duk da haka faifan ne a gaba. Mu ƙaddara shi yana ba da kilo biyu, ɗayan yana ba da kilo ɗaya: garin nan namu na mutum dubu ɗari zai sha kilowat-awa dubu uku a rana da faifai, dubu shida da manyan huji. A garin da wuta ke ƙaranci, da man janareta ke tsada, dubu ukun nan da aka rage ba abin wasa ba ne.

Amma fa mai laushin jiki ne, kuma Sabha ba ta tausayin mai laushin jiki.

Ga zafi. Da bazara nan, digiri 40 abincin yau da kullum ne. Iska mai zafi ba ta da nauyi, don haka injin da ya zuƙi iska a digiri 45 yana samun oksijin da ya gaza na digiri 20 da wajen kashi 8 cikin ɗari, ga shi garin yana bisa tudu, sama da mita 400 daga teku, wanda shi ma yana rage wani abu. Sannan matse iska yana ƙara mata zafi, kamar yadda famfon keke ke ɗumi a hannu. Iskar da ta shiga inji da zafin rana tana iya fitowa kusa da zafin tafasasshen ruwa. Idan bututun ƙarfe bai yi tsawon da za ta huce ba kafin ta isa ƙasa, robar faifai takan bushe ta yi tauri, bututun roba kuma ya lanƙwashe. Gaskiya ne ɗumi yana ɗan hanzarta shigar oksijin cikin ruwa, amma yana hanzarta cin halittun nan fiye da haka, sai yunwarsu ta oksijin ta ƙaru daidai lokacin da ruwa ya fi rowa.

Ga ƙura. Wanda ya ga gibli, iskar kudu da kan turnuƙe gari har rana ta koma ja, ya san ta fi hunturun Kano tsanani. Injin hura iska yana zuƙar dubban mita na iska a kowace awa, duk ƙurar da ta tsallake matacinsa a cikin faifai za ta sauka, ta toshe tsaga ta ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Matacin iska abu ne mai araha idan an kwatanta shi da sauran kayan matata, kuma shi aka fi mantawa. Ta waje kuma, gishirin da ke cikin ruwan rijiya da tsatsar ƙarfe kan daskare a kan roba, irin farin ɓawon da kuke gani a gindin butar shayi. Sai inji ya riƙa nishi yana shan wuta fiye da da, iskar da ke shiga kuma tana raguwa. Akwai ruwan asid mai sauƙi da ake fesawa cikin bututun iska don narkar da ɓawon, kuma bayan shekara biyar zuwa goma dole a zazzage tanki a sake robar gaba ɗaya. Matatar da aka gina ba a tanadi kuɗin wannan ba, an gina ta ne da ranar mutuwarta a rubuce.

Babban abokin gaba dai shi ne ɗaukewar wuta, ba kuwa sai na ba mutanen Sabha labarinta ba. Oksijin ɗin da ke cikin tanki ɗan kaɗan ne, miligiram 2 a lita ake nema, kuma cikin 'yan mintoci da tsayawar inji halittun sun lashe shi. Laka ta kwanta a kan faifai. Duk faifan da robarsa ta tsufa, ruwa ya kutsa cikin bututu. Awa kaɗan, babu babbar ɓarna. Idan aka kwana aka wuni, laka ta fara ruɓa, halittun da ke sarrafa fitsari, waɗanda su ne masu jinkirin haihuwa, su fara mutuwa, kuma ko wuta ta dawo, sai an yi kwanaki ko makonni kafin tanki ya farfaɗo. A duk tsawon wannan lokaci ruwa bai daina shigowa ba, bai kuma daina fita ba. Yana fita ne yadda ya shigo.

Saboda haka ra'ayina, ga duk wanda ke da baki a majalisar gari ko a ƙungiyar agaji, shi ne kada a fara da tambayar wane faifai ne ya fi tsimin wuta. A fara da tambayar awa nawa injin zai yi yana aiki a shekara, wa zai wanke mataci, ina za a samo roba idan ta yage, akwai janareta na matatar kanta da mansa ko babu. Inda aka amsa waɗannan, faifan kumfa ya cancanci kuɗinsa, musamman idan an haɗa shi da na'urar auna oksijin da ke rage gudun inji da dare lokacin da gari ya yi barci. Inda ba a amsa su ba, farfela mai shan wuta da makanikin gari zai iya kwancewa ya gyara ta fi faifan da ke kwance cikin laka. Wutar sola na taimakawa, rana kuwa ba a fi Fazzan ba, sai dai halittun nan ba sa daina numfashi da magariba, don haka sai da batura ko wata wutar.

Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar inji sam. A haƙa manyan tafkuna marasa zurfi, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a jere, ruwa na bi daga wannan zuwa wancan cikin makonni. Gansakuka ce ke yin oksijin da hasken rana, rana kuma na kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsa na nitsewa ƙasa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe da irin waɗannan tafkuna. Ga ƙananan garuruwa irin Gaturun da ƙauyukan kwari, inda fili ke da yawa, ina ganin sun fi dacewa. Suna da nasu sharaɗi: a shafe gindinsu don kada su tsiyaya cikin yashi, a kuma san cewa rana za ta shanye wani kaso, abin da ya rage ya ƙara gishiri. Sannan kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Ƙasar Jodan ta buɗe manyan tafkuna a As-Samra a 1985 don birnin Amman, jama'a ta ƙaru, ruwa ya fi ƙarfinsu, suka koma wari, har sai da aka maye gurbinsu da matatar laka mai rai a 2008. Kuma kada wani ya ruɗe: tafkin da aka tsara daban, kududdufin da ƙazanta ta tara wa kanta daban.

Ku da kuke aiki a matata ko kusa da ita, ko ba ku da na'ura, idonku da hancinku na iya karanta tanki. Laka mai lafiya launin ƙasa-ƙasa gare ta, kamar kunun kanwa, ƙamshinta kamar ƙasar da ruwan fari ya taɓa. Idan ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ta gaza. Ku dubi fuskar ruwa: kumfa ta bazu ko'ina daidai, kamar tukunyar da ke shirin tafasa. Inda kuka ga wuri guda yana tumbatsa, roba ta yage ko bututu ya fashe, iska na tserewa ta nan tana barin sauran. Inda kuka ga ruwa ya kwanta lumui, faifan wurin sun toshe. Ku ɗebi ruwan tanki a gora mai haske ku ajiye rabin awa: laka ta kwanta ƙasa, sama ya washe. Idan ta ƙi kwanciya, ku sanar da mai kula da wurin tun ranar, kada ku ce ba aikinku ba ne. Kuma kada ku yi tafiya a bakin tanki inda babu makari. Ruwan da ake hura wa iska yana juyawa da ƙarfi, ko gwanin iyo ba ya samun yadda yake so a cikinsa.

Saura abin da ya shafi kowa. Iska tana kawar da wari da ƙazantar da ke ruɓa, tana rage ƙwayoyin cuta ƙwarai, amma ba ta ƙarar da su. Ruwa kan fito daga matata garai-garai alhali yana ɗauke da ƙwayoyin taifot, da na kwalara idan tana gari, da na ciwon hanta mai sa shawara. Sai an bi shi da kulorin ko an tsare shi a tafki na kwanaki. Ƙwan tsutsar ciki kuwa iska ba ta yi masa komai, cikin laka yake taruwa, yana iya yin watanni da rai a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan ban-ruwa kada ya wuce ƙwai ɗaya a lita. Saboda haka, ɗan uwa mai aikin gona, idan da irin wannan ruwa ake shayar da gonar da kake, kada ka sha, kada ka yi alwala da shi, kada ka wanke kwanon abincinka. Sa takalmin roba. Kada ka kwashi lakar matata da hannu don taki. Gara a kai shi ga itatuwa da ciyawar dabbobi da a kai shi ga latas da tumatir da ake ci ɗanye. In kuwa an kai, a tsayar da shi 'yan kwanaki kafin a tsinka, a wanke da ruwa mai tsabta.

Iyaye mata, ga taku. Ramin masai ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 30. Ruwan da ba ku amince da shi ba, ku tafasa shi har ya yi ta ɓulɓula. Amma akwai abu guda da tafasawa ba ta cirewa, sai ma ta ƙara masa kauri: sinadarin naitiret, wanda fitsari da kashi da takin zamani ke zama idan sun tsuma cikin ƙasa. Ba shi da launi, ba shi da wari. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ya wuce miligiram 50 a lita. Babba ba ya jin sa, amma jaririn da bai kai wata shida ba, idan ana dama masa madarar gwangwani da ruwan rijiya mai shi, jininsa kan kasa ɗaukar oksijin, leɓɓansa su yi shuɗi-shuɗi. Nonon uwa ya tsare shi daga wannan. Idan dole ce ta sa madara, a nemi ruwan da aka auna. Yaron da ya kama gudawa kuma, a fara ba shi ruwan gishiri da suga tun a gida, ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana shirin kai shi asibiti.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe, domin ku samarin da ake ba 'yan dinari ku shiga rami ku buɗe bututu ko ku yashe baƙar rijiya. Duk inda ƙazanta ta kwana ba iska, tana haifar da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar duniya nauyi, don haka a gindin rami take kwanciya, wani lokaci a ɓoye cikin laka sai an motsa ta ta taso. Makircinta shi ne, idan ta yi yawa takan kashe jijiyar hanci, sai ka daina jin warin, ka ɗauka ta tafi. Idan ta ƙara yawa, shaƙa ɗaya ko biyu mutum ya faɗi. Kada ku gwada rami da ashana ko kyandir ko taba, akwai wata iskar a ciki mai kamawa da wuta. Ku buɗe murfi biyu, a hura iska da inji kafin a shiga, a ci gaba da hurawa muddin mutum na ciki. Mai shiga ya ɗaura igiya a ƙirji da kafaɗu, mutum biyu su tsaya a sama riƙe da ita, suna yi masa magana yana amsawa. Ƙyallen rufe hanci ba ya tare wannan iska ko kaɗan. Wanda ya ba ku aiki ya ƙi kawo igiya da injin iska, ku bar masa aikinsa.

Idan kuwa na ciki ya yi shiru, kada kowa ya bi shi. Na san abin da zuciya ke cewa idan ɗan garinku ne, ko ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya, amma a irin wannan haɗari sau da yawa gawa biyu ko uku ake fitarwa maimakon ɗaya, na biyu da na uku masu ceto ne. Ku jawo shi da igiya, ku kwantar da shi a fili inda iska ke kaɗawa, ku kwance masa riga. Idan ba ya numfashi, a fara danna masa ƙirji ba tsayawa, wani ya nemo mota. Ko da ya farfaɗo ya ce garau yake ji, a kai shi babban asibitin Sabha a ranar, domin huhu na iya cika da ruwa bayan wasu awoyi, kuma a faɗa wa likita cewa daga ramin ƙazanta aka fito da shi.